Yadda Na Koyi Iyo a Kogin Ubangi

Shekarun baya, da na zama saurayi har gemu ya fara tsiro, ban taɓa tsoma ƙafata a kogin Ubangi ba. A unguwar Kilomita Biyar aka haife ni, daga titin Koudoukou zuwa bakin ruwa tafiyar babur ce kawai. Amma muna yara rikici ya kulle mu a unguwa, da gari ya lafa kuma sai dokar mahaifiyata ta tsare ni. Ƙaninta ya nutse a kogin tun kafin a haife ni, kwale-kwalensu ya kife. Ko sunan kogin ba a ambata a gidanmu.

Abokina na makaranta, Kirista ne ɗan unguwar Miskine, iyayensa masunta. Wata rana da rani ya ja ni muka je. Na ga samari tsarana suna nutso suna ɗebo yashi, yara suna tsalle daga kan duwatsu, ga ƙasar Kwango can a tsallake. Ni kuwa ina tsaye da takalmi da safa kamar mai jiran taksi. A ranar na ƙudurta sai na iya iyo.

Zan iya zuwa a ɓoye, amma ban so. Na sami mahaifiyata tana tsince shinkafa, na faɗa mata.

"Ba da yawuna ba," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Inna, da Kawu ya iya ruwa, da ƙila yana nan."

Ta ajiye faifan ta shige ɗaki. Na ji nauyin abin da na faɗa, amma ban janye ba. Na ci gaba da roƙonta, yau da safe, gobe bayan la'asar, har damina ta zo ta wuce. Da ruwa ya janye, wata Asabar ta yafa mayafi ta ce, "Tashi mu je. In za ka shiga, a gabana za ka shiga."

Ta zauna kan yashi da carbi a hannu. Abokina ya riƙe ni ta ciki yana cewa "yeke yeke", wato a hankali. Ni kuwa ina ta dukan ruwa kamar akuyar da ta faɗa rijiya, a wurin da bai wuce ƙirjina ba. Ruwan da na sha ranar ya ishi wankin gidanmu. Yara suka yi ta dariya. Na waiga, na ga Inna ta miƙe tsaye, ƙafafunta har sun jiƙe.

Haka muka yi ta komawa duk Asabar. Ranar da na iya kai kaina wani dutse na dawo ba mai riƙe ni, ta shafa kaina da ke ɗigar ruwa ta ce, "Gobe ka zo da ƙannenka."

Yanzu ni nake kai yaran layinmu kogi da rani. Ba na ɗaukar kowa sai na je na zauna da uwarsa, domin na san tsoron iyayenmu yana da dalili. Wasu sukan ce a'a. Nakan gaishe su in tafi, in sake dawowa wani makon.