Idon Gidan Ocoró

Wanda ya ba ni ke ya karɓi abinsa. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na wannan shekara, 'yata Marleny Ocoró Viáfara ta rasu a nan birnin Cali, tana da shekara talatin da takwas. Ba ta yi jinya ba. Da ƙafarta ta fita da safe, ta ce in bar mata farfesun sancocho a tukunya, za ta dawo kafin yamma. Ta tafi ne a rage mata 'yar fatar da ke rufto mata a kan ido. Ni ce mahaifiyarta, Herminia Viáfara. Fada, limamin cocinmu, ya nemi in rubuta 'yan kalmomi a jaridar coci, na kuwa gaya masa tun da wuri cewa ba abin da zai yi wa kowa daɗi zan rubuta ba.

Marleny, da idon ubanki aka haife ki. Marigayi Evaristo ya ƙare rayuwarsa yana saran rake a gonakin kwarin nan, fatar idonsa a sauke har kan gashin ido, mutane suna cewa gyangyaɗi yake, alhali ba abin da ke wuce shi. Haka uwarsa take, haka 'yan'uwansa. A unguwar nan in an ga yaro da irin wannan ido ba a tambayar ɗan wane ne, an san na gidan Ocoró ne. Ni wannan idon na gani na aure shi, kuma ban taɓa ganin aibinsa ba.

Kina aji uku a firamare malama ta koro ki gida, wai kina barci a aji. Na ajiye wankin da nake yi, na kama hannunki muka koma. Na ce mata ta tambaye ki abin da ta koyar. Kika maimaita mata darasin tun daga farko, har da inda ta tsaya ta yi tari. Ta ba da haƙuri, amma yara sun riga sun ji, suna ya bi ki: Mai Gyangyaɗi. A hanyar dawowa na ce miki ido don gani aka yi shi, naki kuma yana gani. Kika ce to. Ashe bakinki ne kawai ya ce to.

Da kika girma kika zama mai kwalliya, kika buɗe shago a ɗakin gaba na gidanmu. Ban so sana'ar ba, kin sani, na fi so ki yi aikin jinya. Amma gaskiya ɗaya ce: kin iya, kuma kin yi alheri da ita. Mata masu irin idonki daga nesa suke zuwa, domin sauran masu kwalliya sai su zana musu ido a rufe, yana buɗewa fata ta rufto ta haɗiye aikin duka. Ke kuwa sai ki ce, "Buɗe ido, ƙawata, kalli madubi sosai. Da buɗaɗɗen ido za ki shiga cikin mutane, a haka za a zana shi." Ki sa launi mai duhu sama da inda fatar ta naɗe, ki ja kwalli siriri kamar zare, ki ɗaga wutsiyarsa sama, ki gyara gira da jagira ta ɗan tashi. Mace ta shigo da ido a sauke, ta fita tana ta waiwayen madubi.

'Yan matan unguwa nawa ne suka yi bikin cika shekara sha biyar da fuskar da kika gyara musu, ba ki karɓi komai ba? Uwar wata ta taɓa kawo miki arepa, wainar masara, a kwano domin ita ke gare ta. Kika ce ta biya har da na auren yarinyar.

Ba zan manta da aminiyata comadre Aura ba, uwar baftismarki, wadda kike kira Madrina. Bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, fatar idonta na hagu ta faɗi gaba ɗaya, ta rantse ba za ta je auren ɗanta ba, kada ta ɓata hoto. Kika ɗauki akwatin kayan aikinki kika same ta a ɗaki, ina biye da ke.

"Ke 'yar nan, tafi da fentinki," in ji ta. "Gida ya rushe, sai a shafe bango?"

"To ai bangon ne ke kallon titi, Madrina. Zauna, ki daina motsi, ba kifi nake gyarawa ba."

"Kifi ma ya fi ni ido."

"Shi ya sa ba a gayyace shi ba. Ɗago haɓa."

Kika yanko filasta siririya, kika ɗaga mata fatar da ita, kika bi da launi har ba mai ganewa. Ranar Aura ta yi rawa da sandarta, sai da ɗanta ya roƙe ta ta zauna. Ta zo makokinki a keken guragu.

Wannan alherin kika yi wa kowa, kika hana kanki. Kowace safiya cokali biyu a firij, ki ɗora a ido. Kokwambar da na sayo don abinci ta ƙare a fuskarki. Filasta, man shafawa, tausar gira, babu wanda ba ki gwada ba. Da kika fara koyar da kwalliya ta waya, wasu da ba su san ki ba, ba su taɓa cin abinci da ke ba, suka riƙa rubuto miki cewa mai gyaran ido ta fara gyara nata. Mutum ɗari su yabe ki, ki wuce. Ɗaya ya yi miki ba'a, ki kwana da shi. Na ce ki ajiye wayar nan.

"Mama, ke ba za ki gane ba. Fuskata ita ce allon shagona."

"Allo goge shi ake yi, ba a yanka shi," na ce. "Idon ubanki ne. Me ya yi miki?"

"Baba rake yake sara, Mama. Rake ba ya kallon mutum."

Kika yi dariya, kika sumbace ni a goshi. Haka kike kashe kowace magana tawa.

Wata mata mai zuwa shagonki ce ta nuna miki wurin. Ba asibiti ba ne, gida ne mai bene a unguwar masu hali, babu ko allo a ƙofa. Bayan rasuwarki na ji sauran labarin: da kika je suka ce tunda za a sa ki barci, gara a haɗa da tsotse kitsen ciki, aiki biyu a kwanciya ɗaya, yadda matan garin nan suke yi yanzu. Kika yarda. An gama ido, ana kan ciki numfashinki ya tsaya. A tasi suka kai ki asibitin gaske, suka ajiye ki, suka gudu. Yau gidan a kulle yake. Na tabbata sun buɗe wani a wata unguwa, kuma akwai layi.

Da na isa asibiti na tarar da ke kwance, ɗinki a kan kowane ido, idanun a ɗan buɗe. Na sa yatsa in rufe miki, yadda na rufe wa ubanki. Suka ƙi rufuwa. Fatar da kika yi shekara talatin kina cewa ta yi miki yawa, ranar nan ba ta isa ta rufe idonki ba. Sai da ma'aikaciyar jinya ta kawo auduga mai ruwa ta ɗora.

'Yarki Yiseth ce ta ce ba baƙon da zai taɓa fuskar uwarta. Yarinya 'yar shekara sha huɗu ta ɗauki akwatinki ta je gidan shirya gawa, ta rufe ɗinkin da hoda, ta zana miki ido da hannunta. Da ta fito ta ce mini, "Kaka, Mama ta hana ni zana ido a rufe. Amma wannan ba zai buɗe ba, ko?" Na jawo ta jikina.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na karɓi alƙalamin nan. A zaman makoki mata suka yi layi suna leƙa gilashin akwatin gawa. Ina zaune kusa, Yiseth a gefena. Da kunnena na ji wata ta ce wa 'yar'uwarta, "Kai, amma fa aikin ya yi kyau. Dubi yadda idon ya fito." Ɗayar ta ce, "Wallahi kamar ta rage shekara goma. A ina aka yi mata?" Sun san kansu, kuma za su karanta wannan. Gawa a gabanku, carbin rosariyo a hannunku, kuna tambayar adireshi! Ba ku ji kunyar Allah ba, ba ku ji kunyar marainiyar da ke saurarenku ba.

Ta kuwa saurara. Yiseth ma idon Ocoró gare ta, Marleny, naki sak. A watan Agusta za ta cika sha biyar. Muna cikin addu'ar kwana tara ta gaya mini cewa kin yi mata alkawari: ba biki, ba doguwar riga, ba rawa da uba, kyautarta ita ce a yi mata ido, in naki ya yi kyau.

"Kuma ya yi kyau, Kaka. Kowa ya faɗa."

"Ya yi kyau a cikin akwati, ke mara hankali!"

"Ba ido ne ya kashe ta ba, ciki ne. Ni ido kaɗai zan yi."

Na ce ba likitan kirki da zai sa wa yarinya kamarta wuƙa. Ta ce akwai masu sawa. Na yi faɗa, na yi kuka, na kai ta wurin Fada. Ta ce to, irin "to" ɗinki. Ubanta yana can Chile yana aikin gini, ya ce mini a waya abin da uwarta ta yi mata alkawari shi ba zai hana ba. Cokali biyun nan sun koma firij. Jiya na ga filasta a idonta za ta tafi makaranta.

Iyaye mata, da ku nake. Mun bar 'ya'yanmu suna kallon madubi fiye da yadda suke kallon fuskokinmu. Mun mayar da bikin sha biyar, ranar da ake kai yarinya gaban Budurwa Maryamu a gode wa Allah da ya raya ta, ya zama ranar kai ta gaban wuƙa. Ba na sa ran za ku ji. Na binne 'yata a gaban idonku, abin da kuka ɗauka daga wurin shi ne aikin ya yi kyau. In gawa ba ta yi wa mutum wa'azi ba, takardar tsohuwa ba za ta yi ba.

Marleny, na yi fushi da ke, kuma ina ƙaunarki. Duka biyun suna nan, ba wanda ya kori wani. Ke 'ya ce mai biyayya a komai sai a wannan abu ɗaya. Ba ki taɓa ɗaga mini murya ba. Ba wanda ya shigo shagonki da ɓacin rai ya fita da shi. Ubangiji ya duba wannan, ya kau da kai daga sauran. Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya ba ki hutun da ba ya ƙarewa, haskensa ya sauka a kanki. Ya haɗa ki da ubanki, in ma zai gane ki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga dangin Ocoró na nan Cali da na Puerto Tejada, ga comadre Aura, ga 'yan matan da kika koya wa sana'a, da duk wadda ta taɓa zama a kujerarki ta tashi da fara'a. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ta'aziyyata ta ƙarshe gare ki ce, Yiseth, tunda kin daina jin maganata a gida, ko za ki ji ta a takarda. Ba ni da hoton kakanki sai ɗaya, ya kuma dushe. Uwarki ta tafi da idon da ba nata ba. A duniyar nan fuskarki ce kaɗai wurin da ya rage mini in ga su biyun. Na rufe idon Evaristo da hannuna, na yi ƙoƙarin rufe na Marleny. Ya Ubangiji, abu ɗaya nake roƙo, ban kuma san ko za a ba ni ba: idan lokaci ya yi, yarinyar nan ta rufe nawa, kada in rufe nata.