Takalmin Baba Ya Hau Jirgi

Gumel zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar Gumel, alhali jirgina sai ɗaya da rabi na rana zai tashi daga Kano. Aikin Baba ne wannan. Shi ya tashe ni da bugun ƙofa, wai jirgi ba ya jiran 'yar baduku. Kuala Lumpur zan je wurin Yaya Kabiru da ke karatu can. Matarsa Maryam ta haihu, ciwon gwiwa ya hana Inna zuwa zaman jego, sai aka ce ni malamar makaranta mai hutu in je.

A zaure Baba ya miƙo mini takalma biyu na fata. Ɗaya nawa, ɗaya ja ɗan ƙarami na Ummi, 'yar Yaya mai shekara bakwai. Sunan mahaifiyar Baba ta ci, don haka "uwata" yake ce mata, amma can aka haife ta, bai taɓa ganinta ba sai a waya. Wata uku ya yi yana ɗinkin nan, domin yanar ido ta cinye masa ido ɗaya, ɗayan ma sai ya kai abu kusa da hanci.

"Idan wannan ya zauna a ƙafar uwata, da sauran aiki a hannuna," in ji shi. "In bai zauna ba, na ajiye basilla ke nan."

Na ce, "Haba Baba!"

"Ba haba. Kuma duk inda kika taka, ki ɗauko mini hoton takalmina. Fuskarki kam na gaji da ganinta."

Kilomita ɗari da 'yan kai ne zuwa Kano, shinge huɗu muka wuce. A na uku na ɗora ƙafa kan buhun riɗin wata fasinja na ɗauki hoton farko. Direba ya leƙo ta madubi.

"Hajiya, lafiya?"

"Ƙafar ce za ta Malesiya, ni rakiya na yi."

"To Allah Ya kai ta lafiya, Ya dawo mana da ita."

A sama

Wanda bai taɓa ƙoƙarin ɗaga ƙafa zuwa tagar jirgi da atamfa ba, kada ya yi mini dariya. Sai da na kusa karyewa kafin gajimare da takalmin Baba suka shiga hoto ɗaya. Wata tsohuwa Bahabashiya da ke gefena ta kalle ni ta kalle ni, sai ga tata ƙafar da safa mai huji ta jero kusa da tawa. Ba ma jin yaren juna, amma har Addis Ababa, wajen awa biyar, muna haɗa ido muna ƙyalƙyalewa.

Can na tura hotunan zuwa wayar Inna, ita ke riƙe wa Baba. Kafin mu hau jirgi na biyu saƙon muryarsa ya iso: "Takalmi ya yi kyau. Ki daina jan ƙafa, kina cinye masa dunduniya." Ko a sauka lafiya babu.

Danau Kota

Washegari da la'asar muka sauka. Zafin garin mai laima ne, kamar an rufe ka a banɗaki bayan wankan jego. Awa ɗaya muka yi a mota da Yaya zuwa unguwar Danau Kota, bene hawa na goma sha bakwai. Na ga jariri, na yi barka, na ci shinkafa mai kwakwa da aka yo mana tapau daga shagon abincin Indiyawa na ƙasa da suke kira mamak, wato aka ƙunso. Sai na ciro jan takalmi na kira Ummi.

Yarinya ce doguwa mai kunya. Hausarta ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba, shi ya sa in Baba ya kira take ɓuya bayan labule. Ta karɓa tana shinshina fatar, ta zura ƙafa. Dunduniyarta gaba ɗaya tana waje.

Yaya ya dafe kai. Ashe da ya zana ƙafarta a takarda, hotonta ya tura ta waya, mai shagon da ya buga ta a Gumel kuma ya rage girmanta. A kan wannan Baba ya yanka fata.

Na ce, "Yaya, duk digirin nan naka?"

"Ke dai bari. Yanzu me za mu ce masa?"

Kwana huɗu ina kwana-kwana. Na tura wa Baba ƙafata a jirgin ƙasa, na tura ta a gindin tagwayen benayen nan masu tsini, na tura ta a kasuwar Chow Kit kusa da kifi. Kullum amsa ɗaya ce: "Na gani. Ina na uwata?"

Gidan taurari

Ranar Asabar Yaya ya kai mu gidan kallon taurari, ni da Ummi. A kan tudu yake, da shuɗiyar ƙubba, na rantse da farko masallaci na zata. Ƙarfe goma muka shiga. Akwai kayan ɗan sama jannati a tsaye da takalma kamar turmi, na jera ƙafata kusa da nasa na ɗauka. Akwai sikeli mai nuna nauyin mutum a kan wata, na hau na ga abin da ya nuna, na ce Yaya ya nemo mini bizar can. Ummi ta yi dariya har da riƙe ciki, ranar ta fara kama hannuna da kanta.

Can na yi dabarar da har yau nake jin kunyarta. Na fito da jan takalmin daga jaka, na ce ta cusa ƙafa ta dunƙule yatsu. "Boleh, Gwaggo," ta ce, wato za ta iya. Na durƙusa na ɗauka ta gaba, yadda dunduniya ba za ta fito ba, ga taurari a bango bayanta. Wallahi hoton ya yi kyau. Na tura.

Muna gaban Gumel da awa bakwai, don haka sai da muka fito daga ɗakin da ake nuna sararin sama a rufi sannan amsa ta zo. Muna zaune a matakala na kunna.

"Binta." Muryar Baba ce. "Shekara hamsin ina kallon ƙafafun mutane. Yatsun nan a takure suke. Ku cire mata, kada ya ji mata ciwo."

Na kira shi nan take, na yi masa bayanin takarda da mai shago. Ya saurara har na gama.

"Allah Ya yi miki albarka, kina rarrashin tsoho. Idon ne ya tafi, na sani."

Na zauna ina hawaye a gaban 'ya'yan mutane. Ummi ba ta ji Hausar ba, amma ta ji muryar. Ta tambayi babanta da Turanci, ya faɗa mata komai. Sai ta ja ni muka koma ciki, gaban wani babban hoto na sawun takalmi a kan ƙasar wata. Ta ce malamarsu ta gaya musu sawun yana nan har yanzu, don babu iskar da za ta share shi. Tunda Kaka ba ya gani sosai a waya, me zai hana a kai masa sawunta ya taɓa da hannu?

Da yamma muka sayo yumɓun 'yan makaranta a wani shago a unguwar Setapak. Maryam ta murza shi da muciya a faranti, Ummi ta taka da ƙafar dama tana ihun sanyi. Kwana uku ya yi a baranda kafin ya bushe, kullum sai ta je ta duba ko tsuntsu ya taɓa. Baba kuwa bai sake neman hoto ba. Inna ta ba ni labarin ya naɗe kayan aikinsa ya tura ƙarƙashin gado.

Komawa

Mako uku cif na yi. A jakar hannu na sa sawun, naɗe cikin zanen goyo biyu. A filin jirgin Kuala Lumpur ma'aikaciya ta sa na kwance, ta duba, ta yi murmushi, ta taya ni naɗewa. Na Kano kuwa juya shi ya yi ta yi.

"Hajiya, wannan ba kayan tarihi ba ne?"

"Mai shi shekararta bakwai, ranka ya daɗe, kuma tana aji biyu."

Ya yi dariya ya ce in wuce. Duk tafiyar nan a cinyata sawun ya zauna, ko hoton ƙafa ɗaya ban ɗauka ba.

Gumel

Bayan la'asar na iso. Na tarar da Baba a zaure kan tabarma, hannu biyu zube a cinya, abin da ban saba gani ba. Muka gaisa, na ajiye masa ƙunshin. Ya kwance, ya ɗora yatsu. Ya bi dunduniya, ya bi tafin ƙafa, ya ƙirga yatsu biyar ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce Inna ta ɗauko masa takardar nan. Ya shimfiɗa ta cikin sawun, ya shafa, ya ji yumɓu ya zarce takarda da faɗin yatsa biyu.

"Ashe da gaskiyarki," ya ce a hankali. "Yadda aka ba ni na yanka."

"Daidai ka yanka, Baba."

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Yaya da Maryam, da tsohuwar nan mai safa da ban san sunanta ba. Amma ranar ban samu na ba kowa labarin tafiya ba, domin Baba ya ce a jawo masa kayan aiki daga ƙarƙashin gado, a kuma kira masa Malesiya. Da fuskar Ummi ta fito, ba ta gudu ba. Ya ɗaga yumɓun saitin waya.

"Uwata," ya ce, "haka kika girma ban sani ba?"

Ta waiwayi babanta, ya raɗa mata wani abu a kunne. Ta matso har hancinta ya cika wayar.

"Kaka," ta ce, "ja nake so."