Gwangwanin Kawuna

A gidan Inna Tela ba a tambaya ko ana shiri da ita, albam ake buɗewa. In ka ga kanka a bisa wuyanka, to ka gode wa Allah, kuna nan lafiya. In kuwa ka tarar da rigarka da hannayenka da takalmanka tsaf, amma inda fuska take sai wani rami zagayayye da ake hango baƙar takarda ta cikinsa, to ka koma gida ka zauna ka tuna abin da bakinka ya faɗa a zuwanka na ƙarshe.

Shekara arba'in da ɗoriya ta yi tana ɗinki a wani ɗan shago da ke jikin gidanta, da keke ɗaya na ƙafa wanda ya girmi rabin masu kawo mata aiki. A falo akwai kabad mai gilashi, irin wanda sauran mata ke jera tangaran a ciki. Ita albam ta jera, guda goma sha ɗaya, kowane da rigar da ta ɗinka masa da ragowar yadi. Almakashinta uku ne: babba na yanka yadi, matsakaici na takarda, sai wani ɗan ƙarami mai lanƙwasasshen baki na tsinke zare a ramin maɓalli. Wannan ƙaramin shi ne alƙalin dangi, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Gaskiya dai aikinta na da tsafta. Ba ta taɓa cin kafaɗar na kusa ba, ba ta taɓa barin guntun kunne ba. Ƙanin mijinta ya rasa kansa ne saboda ya ce wuyan riga ya shaƙe shi. Wata maƙwabciya ta ari dutsen guga ta dawo da shi da ƙonanniyar waya, ita ma ta bi sahu. Shi kansa marigayi mai gidan sau biyu ana cire shi. A karo na biyun ya lallaɓa ya wanko wani hoton ya cusa a gurbin, yana ganin ya yi dabara. Washegari ya buɗe ya tarar da wancan ma ba kai, aka kuma ƙara da na ranar aurensu, ladan wayo.

Da zamanin waya ya zo, kowa ya ɗauka abin zai mutu. Ina! Duk ƙarshen wata sai ta yafa mayafi ta nufi wurin mai wanke hoto guda ɗaya da ya rage, wanda shi ma rabin shagonsa ya koma sayar da caja da murfin waya. Dangi su tura masa hotuna, ita ta tsaya a kansa ta zaɓa. Yaran gidan suka yi ta yi mata dariya.

"Inna, yanzu fa da yatsa ake goge mutum a hoto. Ko alama ba a gani."

"To ina amfaninsa?" in ji ta. "In ba a ga gurbi ba, ta yaya mutum zai san an cire shi?"

Abin da ba wanda ya sani shi ne, Inna ba ta taɓa zubar da kai ko ɗaya ba. Tela ba ta yar da ƙyalle. Akwai wani gwangwanin alewar tari a can ƙasan durowar kekenta, bayan maɓallai, nan take tara su. A bayan kowane kai kuma ta rubuta laifin mai shi da ƙananan haruffa, don kada wata rana ta huce ba ta sani ba.

Wadda ta fi kowa yawan kawuna a gwangwanin ita ce Auta, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara shida ta ba ta. Ita ta goye ta, ita ta ɗinka mata kayan makaranta na farko, baki ɗaya kuma suka gada, mai kaifi. Su yi faɗa a cire kai, su shirya a ɗauki sabon hoto, haka suka yi ta yi har suka yi furfura. Sai da aka zo auren 'yar Auta, wadda ake ce wa Malama saboda koyarwa take yi, sannan abin ya wuce wasa. Aka kai rigar amarya wurin wani matashin tela mai keken lantarki, wanda ke nuna wa mutane salo a waya. Inna ta je auren, ta ci, ta sha, ta tsaya aka ɗauke ta hoto. Ta kama bakin rigar amarya ta juya cikinsa ta duba ɗinkin, ta ce "Uhm." Ta koma gida ta sauko da albam goma sha ɗayan, ta bi su shafi shafi tana cire kan Auta. Har hoton farko ba ta bari ba, wanda aka ɗauke su suna yara a shagon mai hoto, ita a tsaye, Auta a zaune tana riƙe da kan wani tarho na ado marar waya. Daga ranar suka shekara huɗu ko gaisuwa babu.

Wata safiya Malama ta yi sallama a shagon, ta durƙusa ta gaishe ta, ta daɗe tana murza bakin mayafi.

"Inna, Umma ce ba lafiya. Mantuwa take yi. Jiya ta tambaye ni ko ni 'yar gidan wane ce."

Inna ba ta ɗaga ƙafa daga kan keke ba. "Mantuwa? Ai ta daɗe da ita. Tun ranar da ta manta tana da tela a gida."

"Wallahi ba wasa ba ne, Inna. Likita ya ce a riƙa nuna mata hotunan da, na ƙuruciya, ko za ta riƙe wani abu kafin ya gama tafiya."

"Ba kuna da waya ba? Ku da kuka ce duniya duk tana ciki."

Nan fa Malama ta sunkuyar da kai. Hoto dubu goma sha ɗaya ne a wayarta, ta kwana biyu tana bi. Akasari ita ce tana tura baki gaba, sai farantan abinci, sai takalman da ta yi niyyar saya, sai sakamakon jarrabawar ɗalibai. Uwar ta fito a guda tara, a bakwai idonta a rufe. Tsohuwar wayar da ke da ɗan abin kirki ta faɗa bokiti, an ce hotunan suna can a ajiye a intanet, amma kalmar sirrin ta bi ruwa tare da wayar. Da ta roƙi yayanta da ke aiki a nesa ya duba nasa, sai ya turo mata motarsa ta gaba da ta baya da ta gefe.

Inna ta ji daɗin wannan labari, ba a ɓoye ba. Shekara nawa ana ce mata 'yar zamanin da, yau ga zamanin yanzu durƙushe a shagonta. Daɗin ne ma ya rufe mata ido, har ta manta da abin da ke cikin albam ɗin, ko kuma ta tuna ta ga ai gara mai laifi ta gani da idonta. A ranta ba ta yarda da ciwon ba. Ta san Auta da iya shiri.

"Albam ɗina ba ya fita sai da ni," in ji ta. Ta zura na farko a jaka.

Suka tarar da Auta zaune a kujera kusa da taga. Ta rame, ta kuma saka maɓallan rigarta a karkace, na sama a ramin na biyu. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaure fuska, tana jiran a fara gaishe ta kamar yadda girma ya tanada. Auta ta dube ta da fara'a, irin wadda ba ta taɓa yi mata ba.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. A ba baƙuwa wurin zama mana."

Da zagi ne, da Inna ta san amsarsa. Wannan kuwa ba ta san tasa ba. Ta zauna a hankali, ta ɗora albam a cinyar ƙanwarta ta buɗe. Malama ta leƙo ta bayan kujera, ta ga shafin farko, ta ga na biyu, ta rufe baki da tafin hannu.

Auta ta sa yatsa a ramin farko, yatsan ya shige. Ta juya shafi, ta sake samun wani. Ta yi ta juyawa tana lalube.

"Wace ce wannan marar kai? Ko'ina tana nan, kusa da doguwar nan."

Ta ɗago ta dubi Inna.

"Me ta yi?"

Inna ta buɗe baki. Duk dangi sun san ba a taɓa yi mata wannan tambaya ta rasa amsa ba, da rana da wata da shaidu. Yau ko kalma ɗaya ta ƙi fitowa.

"Allah sarki," in ji Auta, tana shafa gefen ramin. "Ko wace ce, an tsane ta."

Inna ta rufe albam ɗin, ta miƙe, ta fita ba ko sallama. Kunya ce ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da take, ga kuma tsoro a kai: abin da ya rage wa ƙanwar tata na kanta yana cikin gwangwanin alewa, ita kuma kullum wani abu na ƙara zubewa daga kanta.

A karo na farko a ranar aiki, aka ga shagon Inna Tela a rufe. Ta zazzage gwangwanin a kan teburin yanka, dangi suka watsu kamar maɓallai, wasu a kife wasu na kallon silin. Ta ware na Auta, guda ashirin da uku. Ta sa tabarau ta bi bayansu tana karantawa. "Ta ce na yi ƙiba." "Ta dawo da tukunya ba murfi." "Sai da na fara gaishe ta." "Ta yi dariya da na faɗi." Sha huɗun ƙarshe duk abu ɗaya ne: "Rigar amarya." Ta jera su ta duba, ta ga duk laifin Auta na shekara sittin bai rufe tafin hannu ba.

Mayar da kai ya fi cire shi wuya. Ta fara da gam, takardar ta jiƙe ta lanƙwashe. Ta gwada salatif, ya yi ƙyalli kamar an ɗaure wa mutum ciwo. Sai ta yi tsaki ta koma ga abin da ta iya: ta sa ƙyalle mai laushi ta baya, ta ɗauko allura mafi siriri da farin zare, ta shiga ɗinke kowane kai a wuyansa. Ido ya tsufa, sai da ta ɗora kan Auta mai shekara arba'in a jikin 'yar makaranta, ta warware. Sau ɗaya ma gashin bakin ƙanin miji ya tsinci kansa a saman rigar shayarwa, don ya maƙale a cikin na Auta. Ta dube shi ta ce, "Kai lokacinka bai yi ba," ta mayar da shi gwangwani. Kwana uku ta yi a kai.

A rana ta huɗu ta koma. Auta ta sake yi mata sannu da zuwa irin ta baƙi. Inna ta buɗe shafin farko: yara biyu, da tarho marar waya.

"Umma, wace ce wannan?" in ji Malama, tana nuna ta zaunen.

Auta ta dubi fuskar kanta ta ɗaga kafaɗa. "Oho."

Inna ta dubi ɗinkinta. Kwana uku, kai ashirin da uku, a banza. Sai yatsan Auta ya matsa kan doguwar da ke tsaye.

"Wannan Yayata ce. Tela ce. Faɗa gare ta kamar me, amma duk garin nan babu mai hannunta." Yatsan ya dawo kan ƙaramar, ya bi zagayen wuyan a hankali, ya tsaya. Ta kawo albam ɗin kusa da ido. "Ai wannan ma ɗinkinta ne. Ita kaɗai ke ɓoye ƙulli ta ciki haka."

Malama ta juya ta fuskanci bango.

Auta ta kamo hannun Inna, ta rage murya kamar mai faɗin sirri. "Baiwar Allah, kin san ta? Fushi take da ni. Na yi ta tunani, na manta abin da na yi mata. In kin gan ta, ki ce ta yi haƙuri ta zo."

Laifin yana nan a rubuce, a bayan kan da ke ƙarƙashin yatsanta, an ɗinke shi da ƙyalle yadda ba mai sake karanta shi. Inna ta dafa hannun ƙanwarta.

"Zan gaya mata," in ji ta. "Za ta zo."

Sai idonta ya sauka kan maɓallin saman rigar Auta, wanda ke lilo da zare ɗaya. Ta buɗe jaka ta ciro allura da ɗan ƙaramin almakashin nan.

"Wane ne ya yi miki wannan aika-aika? Ɗaga haɓa. Kar ki motsa."

Auta ta ɗaga haɓa ta yi tsit, ta runtse ido kamar yadda take yi tun ranar da aka gwada mata kayan makaranta. Inna ta lashi bakin zare ta fara neman ramin allura.