Jan Biron da Jikata Ta Binne

A makarantar mishan ta Treichville aka koya mini cewa harafin da ya karkace alamar zuciyar da ta karkace ne. Da wannan na koyar shekara talatin, da shi kuma na zauna da jikata kowace yamma a gidanmu na unguwar Adjamé, ina gyara mata rubutu da jan biro, tun ranar da 'yata ta dawo gida da ita.

Jikar tawa tana da shekara bakwai ta daina magana. Gaisuwa kawai take yi, sai ta yi shiru. 'Yata ta ce ta samo wata malama a unguwar Arras mai ƙarin darasi, ta roƙe ni in riƙa kai yarinyar kowace Laraba bayan azahar. Na yi murna. Na sayi sabon littafi, na ja masa layi da hannuna. Wata huɗu muna shiga bas, muna haye gada, ina zama a benci a waje.

Wata Laraba na ga ta bar littafin a jakata. Na buɗe shi: babu ko harafi ɗaya. Na tura ƙofa ban yi sallama ba, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata.

Babu allo a ɗakin. Akwai faffaɗan akwati cike da yashi, da 'yan tsana, da laka. Matar tana zaune a ƙasa, jikata kuma tana ta zuba surutu da Faransanci, har da dariya. Ba ta gan ni ba. Ta murza laka ta yi doguwa, ta tura ta cikin yashi, ta danne da tafin hannu.

«Me muka binne yau?» in ji matar.

«Jan biron Kaka. Kowace Laraba sai ya sake fitowa.»

Sai yarinyar ta ɗaga kai. Dariyar ta tsaya nan take. Ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwoyinta, ta durƙusa ta gaishe ni.

Matar ta yi mini bayani cikin ladabi. Ta ce ita mai kula da lafiyar tunanin yara ce, abin da yaro ya kasa faɗa da baki yakan faɗe shi da wasa. Ta zaci na sani.

Da muka koma gida na tsare 'yata a kicin.

«Wata huɗu kina kallona ina fita da littafi?»

«Mama, da na faɗa miki wasa ne, za ki kai ta?»

«Da ba zan kai ta ba. Amma da na faɗa miki haka a fuskarki.»

«To, shi ya sa. *Pardon*, Mama, ki yi haƙuri. Ni ma da biron nan na girma.»

Ban musa cewa wasan ya yi amfani ba. Yanzu yarinyar tana magana da uwarta, da maƙwabta, har da mai sayar da burodi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne 'yata ta auna ni, ta yanke cewa ban isa a gaya mini gaskiya ba, ta kuma sa na riƙa kai ƙarar kaina da ƙafata.

Na ajiye biron a cikin durowa. Har yau ni nake kai jikata Arras, domin na yi alkawari. A bas tana zama a miƙe kusa da ni, hannuwa a kan cinya, daidai yadda na koya mata. Ina jira ta ce mini wani abu. Ba ta ce ba tukuna.