Ranar da aka kankare mini iska a Lyon

A shekarun tamanin ina zaune a Montreuil ta ƙasar Faransa, ina sarin gyale. Wata rana na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon wurin wani ɗan Biyetnam mai sayar mini da kaya. Ruwan sama ya yi mini dukan da ko ɓarawon akuya ba a yi wa ba. Ina shiga kantinsa zazzaɓi ya kayar da ni, haƙorana na kaɗawa kamar keken ɗinki.

Ba mutuwar ce ta fi tsorata ni ba. Duk garin ban san Musulmi ko ɗaya ba. Wa zai yi mini wanka, wa zai sallace ni?

Sai ga tsohuwarsa ta fito, 'yar ƙarama, riƙe da cokali da kwalbar wani koren mai. Ta yi nuni in tuɓe riga. Na ce wa ɗan a kai ni likita, ya ce in kwanta kawai, za a yi mini "cạo gió". Wai kalmar farko kankarewa, ta biyu iska. Kakanninsu manoman shinkafa ne masu yini cikin ruwa, su suka ce muguwar iska kan shige jiki ta maƙale ƙarƙashin fata, sai an kankaro ta. Yana bayani, ni ina kalmar shahada.

Ta shafa man, ta dasa bakin cokalin a gadon bayana, ta ja. Na rantse har garinmu Maraɗi an ji ihuna. Da ta gama ya kawo madubi. Jajayen layuka tun daga wuya har ƙugu. Na ce shi ke nan, jinina ya ɓaci, a aika Montreuil a zo a ɗauki gawa. Tsohuwar kuwa murna take, wai iska ta fito da yawa.

Na yi zufa, barci ya sace ni, na farka ina neman abinci.

Da na koma, na kai bayana wurin wani dattijon wanzami a masaukinmu, don har lokacin ban yarda na tsira ba. Ya duba, ya latsa.

"Alhaji, ai ƙaho ne ba tsaga. Kai da na yi wa tsaga kana dariya, cokali ya sa ka wasiyya?"

Duk da haka, tun ranar ban sake zuwa Lyon ni kaɗai ba.