Lambar da ke Jikin Kwalba

Aikina na farko bayan na gama karatun kwamfuta a wani ƙaramin ɗakin gwajin jini ne a Gyaɗi-Gyaɗi, a saman wani kemis. Kullum da safe nakan hawo adaidaita daga gidanmu a Tarauni, in sauka a bakin titi in ƙarasa da ƙafa.

Manhaja biyu na rubuta musu a kwamfuta guda. Ta farko ta karɓi sunan marar lafiya ta aika wa ta biyu saƙo, ita kuma ta biyun ta jira injin gwaji ta dawo da amsa. A tunanina wanda ya fara tambaya shi zai fara samun amsa, kamar layin famfo. Haka na tsara abina.

Ran nan muna gwada manhajar, ana kuma rubutawa a takarda tunda ba a gama yarda da ita ba, sai tsohon ma'aikacin wurin, wanda duk muke ce wa Baba, ya leƙo allon ta saman tabarau.

"'Yar nan, wannan dattijon har da furfurarsa. Yaya aka yi kwamfutarki ta ce yana da ciki?"

Kunya ta rufe ni. Ashe gwajin wata mata ne ya riga na dattijon fitowa, manhajata kuwa ta miƙa wa na farkon layi.

Baba bai yi dariya ba sai daga baya. Ya ɗauko kwalbar jini ya nuna mini lambar da ke manne a jikinta.

"Ni ban taɓa tambayar wa ya riga zuwa ba," in ji shi. "Lambar da ta shiga, ita nake nema a jikin sakamako. Wanda ya zo babu lamba, gefe nake ajiye shi."

Kwana biyu na yi ina gyara. Na tsara kowane saƙo ya fita da lambarsa, manhajar farko ta riƙe ta, amsa kuma dole ta dawo ɗauke da ita. Wadda ta zo da lambar da ba a sani ba, a ware ta har sai mutum ya duba.

Shekara uku muka yi tare. Bayan azahar yakan raba mana furarsa, yana ba ni labarin zamanin da komai da biro ake yi. Da ya ajiye aiki ya koma Darmanawa wajen 'ya'yansa. Na je gaishe shi da sallar bara, ya tsufa sosai, amma da jin muryata ya ce, "Mai ba dattijai ciki ce?"