Inna ta nemi muryata a cikin kiɗin

Ɗazu da hantsi Inna ta shigo ɗakina neman bargonta. Ta same shi a jikin bango, na rataye shi don ya tare hayaniyar unguwa idan ina ɗaukar sauti.

A ɗakin nan nake haɗa kiɗana ni kaɗai, da tsohuwar kwamfuta da jita. Nakan ɗauki gurnanin injin niƙan maƙwabtanmu in ja shi ya yi tsawo, in jibga jita a kai har komai ya dushe, sannan in sa muryata can ƙasa, kamar mai magana cikin barci. A duk Gummi ban san wanda zai saurari irin wannan ba. Wanda yake saurara a da ƙanena ne Bello, shi ke waƙa ni ke kaɗawa. Bara ya rasu.

Na yi zaton za ta ce rediyo ya lalace. Sai ta zauna bakin katifa ta ji har ƙarshe.

Ta ce, "Wanga kiɗi naka, ina muryakka?"

Na ce, "Tana ciki, Inna. Da gangan ake binne ta, haka salon yake."

Ta ce, "Ba salo ba ne. Tun da Bello yat tahi, haka kaka magana cikin gidan ga. Sai na kasa kunne."

Ta tashi ta fita, ta bar mini bargon.

Ashe duk shekarar nan ina da mai sauraro a tsakar gida. Ku fa, wa ke kasa kunne don ya ji ku?